Kwana Biyu a Baƙon Birni: Yadda Ma'aurata Za Su Tsara Ci da Sha da Yawon Buɗe Ido

Daga yammacin Juma'a zuwa yammacin Lahadi awa 48 ne. A cire awa 16 na barci, a cire zaman filin jirgi ko tasha, a cire wanka da shiri da ibada da jiran mota, abin da zai rage na yawo da ƙyar ya kai awa 20. Da wannan lissafi nake fara ba da shawara ga duk ma'auratan da suka ce mini za su je wani birni hutun ƙarshen mako, domin shi ne yake kwantar da kwaɗayin son ganin komai. Birnin da mutanensa suka shekara ɗaruruwa suna ginawa ba zai ganu a awa 20 ba. Abin da zai yiwu shi ne ku ga abu biyu ko uku da kyau, ku ci abincin da za ku daɗe kuna tunawa, ku dawo gida kuna marmarin juna fiye da yadda kuka fita. A kan wannan na gina duk matakan da ke tafe.

Mataki na farko: ku zauna tare tun kafin a sayi tikiti

Yawancin saɓanin da ke tashi a hanya, a gida aka bar ƙofarsa a buɗe. Ɗaya yana mafarkin tsofaffin gine-gine da gidajen tarihi, ɗaya kuma kasuwa ce a ransa da zama a bakin ruwa, kuma babu wanda ya furta. Sai an isa, ƙafa ta gaji, sannan maganar ta fito da zafi.

Ku ɗauki takarda, kowa ya rubuta abu ɗaya da idan bai gani ba zai ji tafiyar ba ta cika ba, da abinci ɗaya da yake son ɗanɗanawa. Ɗaya tak. Waɗannan abubuwa huɗu su ne ƙashin bayan tafiyar: na uwargida ya ɗauki rana guda, na maigida ya ɗauki ɗayar. Duk sauran abin da kuka karanta ko aka ba ku labari ya shiga jeri na biyu, wanda za a taɓa in lokaci ya bari, in bai bari ba babu wanda zai yi ƙorafi.

A wannan zaman ne kuma za a yi maganar kuɗi, a gama ta. Ku raba abin da kuka ware gida uku: masauki da sufuri, ci da sha, sai shiga wurare da tsaraba. Ku ajiye kamar kashi ɗaya cikin goma a gefe don abin da ba a zata ba. Ba na son ganin miji da mata suna lissafi da raɗa a gaban mai kawo abinci. Idan an san iyaka tun daga gida, kallon jadawalin abincin kawai ya isa kowa ya san inda zai tsaya.

Mataki na biyu: ku bincika ranakun birnin

Nan ne mutane da yawa suke tuntuɓe, domin suna ɗauka ƙarshen mako iri ɗaya ne a ko'ina. A Masar da Saudiyya, Juma'a da Asabar ne hutu. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta koma Asabar da Lahadi tun farkon 2022. A Jamus yawancin kantuna a rufe suke ranar Lahadi, wanda ya bar sayayya zuwa ranar ƙarshe zai tarar da tituna shiru. Babbar rufaffiyar kasuwar Istanbul ma ba ta ci ranar Lahadi. Gidajen tarihin Vatican a Rum suna rufe ranar Lahadi, sai Lahadin ƙarshen wata da ake buɗewa kyauta, ranar kuwa layin ba ƙanwar lasa ba ne. In za ku ƙara kwana, ku sani gidajen tarihi da yawa a Turai suna hutawa ranar Litinin, Louvre na Paris da fadar Topkapi ta Istanbul kuma ranar Talata. Manyan masallatan da ake ziyarta sukan dakatar da masu yawon buɗe ido a lokutan salla, musamman ranar Juma'a. In tafiyar ta faɗo cikin azumin Ramadan a ƙasar Musulmi, gidajen abinci da yawa ba za su buɗe da rana ba, birnin sai bayan buɗa-baki yake farkawa.

Ku shiga shafin intanet na wurin da kansa ku duba ranaku da awanni, kada ku tsaya ga abin da wani ya rubuta shekara uku da suka wuce. In wurin yana sayar da tikiti mai ƙayyadadden lokaci, ku saya tun kuna gida. Fadar Alhambra da ke Granada a Sifen misali ce: akwai awar da aka rubuta a tikitin don shiga fadojin cikinta, wanda ya makara ya rasa, kuma a lokacin cunkoso tikitin yakan ƙare tun kwanaki kafin ranar. Ku zaɓi awar farko ta safe duk inda ta samu.

Mataki na uku: masauki da hanyar isa gare shi

A tafiyar kwana biyu, wurin da otal yake ya fi girman ɗakin muhimmanci. Ku buɗe taswira, ku sa alama a kan wurare biyun da kuka zaɓa, ku nemi masauki da za a iya takawa zuwa aƙalla ɗayansu cikin minti 20, ko wanda yake dab da tashar jirgin ƙasa na cikin gari. Otal mai araha a bayan gari yana karɓe rarar da ya bar muku ta hanyar kuɗin tasi, sannan ya hana ku komawa ɗaki ku miƙe da rana, wanda shi ne abin da ke ceto yammacin Asabar.

Ku kuma duba filin jirgin da za ku sauka. Wasu jirage masu rahusa da aka rubuta Paris a tikitinsu a Beauvais suke sauka, fiye da kilomita 80 daga birnin. Ku san yadda za ku fito daga filin tun kafin ku tashi, ku sauke taswirar birnin a waya yadda za ta yi aiki ko babu intanet, ku rubuta adireshin otal a takarda saboda ranar da caji zai ƙare. Jakar hannu ɗaya ga kowa ta isa, da takalmin da ƙafa ta riga ta saba da shi. Sabon takalmi ya jira wata rana.

Mataki na huɗu: yadda za a jera awannin

Daren Juma'a kada ku ɗora masa komai. Ku ajiye kaya, ku watsa ruwa, ku fita ku zaga unguwar a ƙafa, ku ci abu marar nauyi kusa da masauki. A wannan zagayen ne za ku ga gidan burodin da za ku karya kumallo gobe, da kantin ruwa, da tashar da za ku hau mota.

Asabar da safe babban wuri na farko, kuna bakin ƙofa ana buɗewa. Awa ɗaya ta farko a shahararren wuri ta fi awa uku na tsakar rana, domin motocin ayarin masu yawon buɗe ido sai hantsi ya ɗaga suke tururuwa. Daga nan abincin rana, sai hutu na gaske, awa ɗaya ko biyu a ɗaki. Da la'asar ku fita ba tare da tikitin komai ba: unguwa guda, kasuwa, lambu, ko wuri mai tudu da za ku ga rana tana faɗuwa a kan birnin. Da dare kuma babban abincin tafiyar. Lahadi da safe babban wuri na biyu, sannan abincin rana na bankwana.

Dokata ɗaya ce a nan: kada ku tsallaka birni fiye da sau ɗaya a rana. Ku tattara abubuwan da ke kusa da juna su zama na rana guda. Taswira takan yaudari ido, wurin da ta ce tafiyar minti 15 ce yakan ci rabin awa idan aka haɗa da tudu da danja da tsayawa ɗaukar hoto.

Mataki na biyar: abinci

A nan zan daɗe, domin abinci ne yake gyara tafiya, shi ne kuma yake ɓata ta. Mutum biyu masu yunwa a titin da ba su sani ba, kowa yana cewa "duk abin da kake so", "a'a, duk abin da kike so", suna wuce gidan abinci na biyar, ba su da nisa da faɗa. Maganin abin shi ne a yanke shawarar inda za a ci tun ciki bai fara kira ba.

Abinci shida ko bakwai ne za ku ci a duk tafiyar. Guda ɗaya kawai yake buƙatar kama tebur tun daga gida, wato na daren Asabar, wanda shi ne dare mafi cika a gidajen abinci a birane da yawa. Ku kama shi mako ɗaya ko biyu kafin tafiya. Sauran kuma ku ware wurare biyu a kusa da kowane wurin da za ku ziyarta, in ɗaya ya cika ku wuce na biyun.

Ku koyi agogon cikin mutanen garin. A Sifen abincin rana sai wajen ƙarfe 2, na dare kuma daga ƙarfe 9 zuwa sama. A Italiya da Faransa gidajen abinci da yawa suna rufe kicin bayan abincin rana, ba sa sake buɗewa sai wajen ƙarfe 7 na yamma. Wanda ya fito daga gidan tarihi ƙarfe 4 da yunwa, wuraren da aka buɗe don baƙi kaɗai zai samu, su ne kuma suka fi tsada da rashin daɗi. Wata dabara: a ƙasashen nan da wasu da dama akwai abincin rana mai ƙayyadadden farashi, kwano biyu ko uku a jere, wanda yakan yi sauƙi sosai a kan irinsa da dare. In akwai babban gidan abincin da kuke sha'awa amma kuɗinsa ya yi nauyi, ku je masa da rana.

Yaya ake gane wurin kirki? Ku yi nisa da babban dandali da titi biyu ko uku. Ku guji wurin da aka tsayar da mutum a ƙofa yana jan hannun masu wucewa, da wanda jadawalinsa yake da harsuna shida da hotunan da rana ta kodar, da wanda yake dafa abincin ƙasashe biyar a kicin ɗaya. Gajeren jadawali alama ce mai kyau, haka ma ganin ma'aikatan unguwa da tsofaffi da iyalai suna zaune suna ci. Matambayi ba ya ɓata, amma tambayar ma tana da salo. Kada ku ce wa ma'aikacin otal "ina ne ya fi kyau?", zai tura ku inda ake tura kowa. Ku ce masa, "Kai in ka tashi daga aiki, ina kake cin abinci?"

Ku karanta ƙananan rubutun da ke jadawali. Wannan na koye shi ne da aljihuna. Wani dare a wani birnin bakin teku, muka zauna ni da maiɗakina a wani gidan abinci, mai kawo abinci ya zo da tire cike da ɗanyen kifi a kan ƙanƙara, idanunsu na sheƙi. Na nuna wani babba, na ce a gasa mana. Maiɗakina ta taɓa hannuna a hankali ta ce, "Maigida, ka tambaya tukuna, farashin nan kamar ba na kifin gaba ɗaya ba ne." Na ce ai na gani a rubuce. Ashe abin da na gani kuɗin giram 100 ne, kifin kuma ya haura kilo ɗaya. Ya yi daɗi ƙwarai, amma ya cinye kuɗin abincin washegari, kuma na ga yadda damuwa ta rage mata jin daɗin daren. Tun daga ranar, duk abin da ake sayarwa da awo sai an auna a gabana an faɗi jimla kafin ya hau wuta.

Akwai irin waɗannan da yawa, kuma ba zamba ba ne, al'adar wurin ce. A Italiya gidajen abinci da yawa suna ƙara kuɗin zama na kowane mutum a kan takardar biya. A Fotugal burodi da zaitun da ake ajiyewa a tebur ba kyauta ba ne, in kun ci za ku biya, in ba ku so sai ku ce a ɗauke. Tukwici ma ya bambanta: a Amurka ana sa ran kashi 15 zuwa 20 cikin 100, a Faransa kuɗin hidima yana cikin farashi, a Japan kuwa ba a bayarwa sam. In za ku biya da katin banki na'urar ta tambaye ku da wane kuɗi, ku zaɓi na ƙasar da kuke ciki, domin canjin da na'urar take yi da kanta yawanci ya fi na bankinku tsada.

Wanda yake da abin da ba ya ci, don addini ko don lafiya, ya rubuta shi a harshen garin ya ajiye a waya. Naman alade da giya sukan ɓuya inda ba a zata ba: kitsen alade a wasu kayan fulawa, romon nama a miyar da ake gani ta ganye ce, giya a cikin miyar nama ko kayan zaƙi. Ku nuna rubutun tun kafin ku yi oda. Kifi da abincin ganye zalla su ne mafaka mafi sauƙi idan an rasa tabbas, amma su ma a tambaya.

Abincin titi kuma kada ku raina shi, wani lokaci shi ne ainihin ɗanɗanon birni. Dandalin Jama'ul Fana na birnin Marrakesh a Maroko da almuru ya ishi misali, inda rumfunan abinci suke tashi hayaƙi ya turnuƙe sama. Ku tsaya inda layi yake da tsawo kuma ake dafawa a gabanku, ku karɓa da zafinsa. Abin da ya daɗe a ajiye a buɗe ku wuce shi, domin ɓacin ciki na yini ɗaya rabin tafiyar kwana biyu ne. Ku kuma riƙa yin odar abu daban-daban kuna musaya, ta haka kowa ya ɗanɗana biyu.

Mataki na shida: abin sha

Ruwa ne farko. Ku tambaya a otal ko ana shan ruwan famfon garin. A Rum akwai famfunan titi da ruwansu ke zuba dare da rana ana sha, a gidajen abincin Faransa kuma za ku iya neman tulun ruwan famfo kyauta tare da abinci. Inda ba a sha, ku sayi na gora mai hatimi, ku kuma tuna ƙanƙarar da ke cikin lemo mai yiwuwa daga ruwan famfon aka yi ta.

Bayan ruwa, kowane birni yana da abin shan da mutanensa suke zama a kansa, kuma zaman shi ne abin nema. Shayin Turkiyya a ƙaramin kofin gilashi mai siririn ƙugu, gahawarsu da ake barin gari ya kwanta a ƙasan kofi kada a shanye shi, shayin na'a-na'a na Maroko da ake tsiyayowa daga sama har ya yi kumfa. A Italiya gahawar da aka sha a tsaye a gaban kantar mai sayarwa ta fi wadda aka kawo tebur araha, amma ni ina ganin ma'aurata su biya kuɗin kujerar sau ɗaya a rana, su zauna minti 40 wayoyi na cikin jaka. A irin wannan zama ne ake yin hirar da hidimar gida ta hana a yi wata da watanni. Wuraren shaƙatawa na saman dogayen gine-gine, kallon birnin ake saya a cikinsu, don haka kofi ɗaya na lemo dab da faɗuwar rana ya wadatar, abincin a ci a wani wuri. In baƙon da ba ku sani ba ya tare ku a titi yana nacin kai ku wani wurin sha da ya sani, ku gode masa ku wuce.

Mataki na bakwai: kallo da kansa

Babban gidan tarihi ba a gama shi. Ku zaɓi ɓangare biyu ko abubuwa biyar, ku nufe su kai tsaye, ku fito bayan awa biyu tun kuna sha'awar wurin. In ɗayanku mai karanta kowane allo ne ɗayan kuma mai sauri, ku rabu na minti 45 ku haɗu a ƙofar da kuka ambata. Babu laifi a wannan, kuma kowa zai dawo da labarin da zai ba ɗan'uwansa.

Abubuwa da yawa masu daɗi ba sa cin kuɗi, ko kaɗan suke ci. Shiga gidan tarihin Birtaniya da ke Landan kyauta ne. Jirgin fiton da ke zuwa tsibirin Staten a New York kyauta ne, kuma daga cikinsa ana hango mutum-mutumin 'yanci. A Istanbul jirgin ruwan da ma'aikata suke hawa kullum zai ɗauke ku daga ɓangaren birnin da ke Turai zuwa wanda ke Asiya cikin ƙasa da rabin awa, kuna shan shayi, tsuntsayen teku na bin jirgin, hasumiyoyin masallatai na ja da baya. Motar haya ta gari da jirgin titi ma hanyar kallo ce. Wuraren ibada kuwa ku shige su da suturar da ta dace da murya ƙasa-ƙasa, ko da ba na addininku ba ne, ɗan mayafi a jaka yana raba gardama a ƙofa. Kafin ku ɗauki hoton mutum ku nemi izininsa. A cikin cunkoso jaka ta dawo gaba, katunan banki da kuɗi kuma a raba su tsakaninku, kada su taru a aljihu ɗaya.

Ku riƙa duban juna. In ka ga ta fara jan ƙafa ko ta yi shiru, kada ka jira ta faɗa, ka ce, "Uwargida, mu ɗan zauna." Ke ma in kin ga ya daina ɗaga kai yana kallon gine-gine, lokacin ruwa da inuwa ya yi. Wurin da aka fasa zuwa saboda gajiya yana nan inda yake.

Mataki na ƙarshe: Lahadi

Ku haɗa kaya tun daren Asabar. Da safe ku sallami ɗaki, ku bar jakunkuna a wurin masu karɓar baƙi, yawancin otal-otal suna ajiyewa har yamma. Tsaraba ku nema a kantin da mutanen gari suke sayayya, ganyen shayi ko kayan ƙamshi ko alewar garin, ku tuna kuma a yawancin filayen jirgi ba a barin abu mai ruwa da ya wuce mililita 100 a jakar hannu, zuma da man zaitun da turare duk suna ciki. Abincin rana na ƙarshe ku ci shi kusa da inda kayanku suke, in ma wurin da ya fi burge ku jiya ne ku koma, ba dole sai sabo ba. Daga lokacin tashin jirgi ku lissafo baya: awa uku a filin jirgi in ƙasa za ku tsallaka, biyu in cikin gida ne, ku ƙara tsawon hanya, sannan ku ƙara rabin awa saboda cunkoson yammacin Lahadi. Awar da lissafin ya ba ku, ku sa ƙararrawar waya a kanta tun da safe.